Kumburin sararin samaniya: inda aka fi yin tuntuɓe

Kumburi ra'i ne da ke cewa sararin samaniya ya yi wata faɗaɗa mai tsananin sauri a farkon samuwarsa. Abin da ya fi rikita mai fara karanta wannan batu shi ne saurin. Ana cewa a wani ɗan ƙiftawa da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan sau tiriliyan na daƙiƙa ba, sarari ya ninka girmansa aƙalla sau lamba 1 mai sifili 26 a bayanta. Sai mutum ya ce ai kuwa an karya dokar Einstein. Ba a karya ba. Dokar ta hana abu ya ratsa sarari da gudun da ya wuce na haske, a nan kuwa sararin ne da kansa ya miƙe. Ɗiga alama biyu a jikin roba ka ja ta: sun yi nisa da juna, alhali babu wadda ta tashi daga inda take.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne ɗaukar kumburin a matsayin ra'i guda. A cikin masana kimiyya, Starobinsky ya kawo nasa a 1980, Alan Guth a 1981, Linde ya gyara na Guth a 1982, yau salon lissafin ya kai ɗaruruwa. Don haka idan aka ce maka "an tabbatar" ko "an rushe", tambayi wanne daga ciki.

Alƙalin da ke tantance salon shi ne tsohon hasken da ya fito shekara kusan 380,000 bayan farkon samuwar sararin samaniya. Tauraron ɗan'adam na Planck ya auna ɗan bambancin zafinsa, kusan kashi 1 cikin 100,000, ya fito da adadin da ke nuna yadda ƙarfin bambancin yake sauyawa tsakanin manya da ƙananan yankunan sama: 0.965, wato ƙasa kaɗan da 1, kamar yadda salo da yawa suka yi hasashe. Dacewa ce mai ƙarfi, amma ba hatimi ba ce.

Sai labarin Maris na 2014, wanda har yau wasu ke yawo da shi. Na'urar BICEP2 da ke Antatika ta ga wata murɗiya a cikin hasken, aka ce sawun girgizar sarari ce tun lokacin kumburi. A 2015, da aka haɗa bayanan da na Planck, sai ga shi ƙurar gungun taurarinmu ce ta yi yawancin aikin. Maganin wannan shi ne a auna sama a zango daban-daban na haske, wato tsawon igiyarsa, domin ƙura tana ƙara ƙarfi a wasu zangunan, tsohon hasken kuwa ba haka yake ba. Da wannan dabara, a 2021 aka nuna adadin girgizar, idan aka kwatanta ta da ƙarfin wancan bambancin, bai kai 0.036 ba, abin da ya kori wasu salo masu sauƙi da aka daɗe ana ji da su, ya bar na Starobinsky, wanda dama ƙanƙanuwar girgiza ya yi hasashe.