Darasi na Bakwai: Me Ya Sa Dankalin Turawa Yake Son Jos?

Buhunan dankalin turawa da ake saukewa a kasuwannin Kano da Sakkwato, yawancinsu daga Bokkos, Mangu da Barkin Ladi suke zuwa, a Jihar Filato. Manoman Kano ba ragwaye ba ne, ƙasarsu ma ba matacciya ba ce. Abin da ya raba su da na Filato shi ne tsayin ƙasar da kowa yake zaune a kai.

Ana auna tsayin wuri ne daga doron teku. Kano tana wajen mita 480 sama da teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. To, mu yi lissafi tare. Jos ta ɗara Kano da mita 700 da ɗoriya, ke nan ta fi ta sanyi da digiri 4 zuwa 5. A ido kaɗan ne, amma ga shuka ba kaɗan ba ne. Dankalin turawa ba ya yin 'ya'ya sosai sai dare ya yi sanyi. In zafi ya kwana a cikin ƙasa, sai ya yi ta ganye, ka tona ka tarar ba abin kirki. Shi ya sa mai son noma shi a ƙasa mai zafi sai ya jira hunturu ya yi ban ruwa, alhali a Filato har da damina ana nomansa.

Wani zai ce, ai wanda ya hau dutse ya fi kusa da rana, me zai sa ya ji sanyi? Rana ƙasa take fara gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. In iskar nan ta tashi sama sai ta baje, ta yi shara-shara, ta huce. Iskar sama ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, kuma jiki yana shaida haka. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a mota, daga Mayo Selbe zuwa Gembu, ya san yadda kunne yake toshewa sai an haɗiyi yawu. Ku gwada wannan in kun je: ku shanye ruwan gorar roba a can sama, ku ɗaure murfin tam. Kafin ku sauko ƙasa za ku ga gorar ta lotsa, domin iskar ƙasa ta matse ta.

Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ta kai wajen mita 1,600, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. A can ana noman ganyen shayi a Kakara, abin da ba zai yiwu a Katsina ba ko an zuba taki buhu ɗari. Tsauni yana tare iska mai ɗauke da danshi, ya tilasta mata hawa, ta yi sanyi, ta zama hadari. Saboda haka ruwa ya fi yawa, hazo yana kwana a kan ciyawa, kiwo yana daɗewa kore. Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ya fi son kurmi mai ɗumi, don haka tun da daɗewa makiyaya suka riƙa hawa Mambila da Filato da garkensu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa ma a Vom take, kusa da Jos, tun 1924.

Har a cikin hamada haka abin yake. A Nijar, duwatsun Bagzan na ƙasar Abzin sun haura mita 2,000, kuma daga lambunan yankin ne dankali, tafarnuwa, lemo da rumman suke isa kasuwar Agadas.

Sai dai kada a ɗauka tudu daɗi ne zalla. Sanyi da danshin da dankali yake so, su ne kuma cutar da ke baƙanta ganyensa take so, kuma takan cinye gona cikin 'yan kwanaki in ruwa ya yi ta sauka ba rana. Sauro ya ragu a wasu wuraren, amma bai ƙare ba. Mutumin Jos ko Gembu da ya ajiye gidan sauro yana wasa da zazzaɓi ne. Uwargida kuma za ta lura wake yana jinkirin nuna, domin a kan tudu ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba. A jiƙa shi tun dare, a rufe tukunya, itace zai yi auki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar kanta. Gonar gangare ba ta riƙe ƙasa sai an taimake ta. In aka ja kunya daga sama zuwa ƙasa, kowace kwarin kunya ta zama hanyar ruwa, ruwan sama ɗaya ya kwashe takin shekara. A gitta kunya, a jera duwatsu, a bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi, a rage cinna wa daji wuta. Wannan ba maganar mutanen dutse kaɗai ba ce: kogin Kaduna da kogin Gongola duk daga tudun Jos suka taso, kuma laka da ambaliya ƙasa suke gangarowa.

Haka nan wajen iri. Kafin ka sayi iri ko dabba daga wani gari, tambayi malamin gona ko garin tudu ne ko kwari, da irin sanyin darensa.

Aiki: Wani gari ya fi naku tsayi da mita 2,000. In zafin garinku digiri 35 ne da rana, nawa kuke sa ran samu a can? Sannan ku rubuta amfanin gona uku da ake kawowa kasuwarku daga ƙasar tudu, ku tambayi masu sayarwa garin da suka fito.