Darasi na 7: Sassaƙa Baka da Itace Mai Karkatacciyar Jijiya

Baka ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. A yaƙin Tabkin Kwatto, a shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki da yawa. Maharba ne suka tare mahayan Sarkin Gobir Yunfa da kwari da baka. Har gobe kuma akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa da dama. A wannan darasi za mu koyi yadda ake sassaƙa shi, musamman idan itacen da ka samu bai miƙe ba.

Kowace ƙasa da itacenta. A Turai akwai wani itace da ake kira elm, ba ya fitowa a nan. A Holmegaard, cikin ƙasar Danmak, an tono bakunan elm da suka kai shekara 9,000 a duniya. Jijiyar elm, wato siraran layukan da ke bin tsawon itacen, a sarƙe take, shi ya sa yake da wuyar faskare, amma yana jure ja ƙwarai. Mu a nan muna da dargaza da ɗunɗu, sai kuma gora. Ƙa'idar aikin ɗaya ce.

Ka yanki reshe mai kaurin damtse, tsawonsa ya kusa tsayinka. Reshe ya isa, kada ka kayar da itace gaba ɗaya, domin hamada ba ta da nisa da mu. Idan a gonar wani ne ko a gandun daji, nemi izini tukuna. Da damina ɓawo ya fi saurin saɓulewa, har da hannu ma ana iya yaye shi.

Baka yana da baya, yana da ciki. Baya shi ne gefen da ke kallon abin harbi. Ciki shi ne gefen da ke kallon maharbi. Idan ka ja tsarkiya, baya miƙewa yake yi, ciki kuma ya matse. Saboda haka ta bayansa baka yake karyewa. Fuskar da ka tarar a ƙarƙashin ɓawo ita ce bayan bakanka, kuma a yadda ka same ta za ka bar ta. Wuƙa ba ta da aiki a wurin. Ko ƙwarzane ɗaya da ya ratsa jijiya yana iya zama mafarin karaya.

To, ga inda mutane suka fi yin kuskure. Ka kai itacen wurin haske, ka dube shi da kyau. Za ka ga siraran layuka suna bin tsawonsa. Su ne jijiya. A wani itacen sun miƙe sambal. A wani kuwa tafiyar maciji suke yi, su karkata dama, su dawo hagu. Mai gaggawa sai ya ɗaure zare daga wannan kai zuwa wancan, ya ja miƙaƙƙen layi, ya bi shi da zarto. Bakan zai yi kyan gani, amma an yanke jijiyarsa a wurare da yawa, ba zai daɗe ba.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki fensir, ka zaɓi layin jijiya guda a tsakiya, ka bi shi a hankali. Inda ya karkata, kai ma ka karkata. Inda ya kewaye ƙulli, ka kewaye tare da shi, ka bar ƙarin tsoka a gefen ƙullin. Daga wannan layi za ka auna faɗi, rabi dama rabi hagu. Masu aiki da elm suna barin faɗin kamar santimita 5 kusa da mariƙi, su rage shi sannu a hankali har ya koma kaurin yatsa a kai. Kada karkatar ta dame ka. Muddin tsarkiya za ta tashi daga kai zuwa kai ta bi ta kan mariƙi, kibiya za ta tafi daidai.

Idan itacen ya murɗe sosai, Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka rage masa nauyi da gizago ta ciki, ka ɗaure shi da igiya a jikin katako miƙaƙƙe, ya bushe a haka. A shafa gam ko kakin zuma a kawunansa biyu. Iskar hunturun Sakkwato tana busar da itace da sauri har ya tsattsage, don haka a cikin ɗaki za ka ajiye shi, ba a rana ba. Yadda ake gane ya bushe: ka riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako, ka rubuta nauyinsa. Idan lambar ta daina sauka, ya isa aiki.

Sai gwajin lanƙwasa, wanda ya fi komai cin lokaci. Ka fere gurbin tsarkiya a kawunan biyu, ka ɗaura doguwar igiya sako-sako. Ka sa wani ya ja kaɗan, kai kuma ka koma gefe ka duba. Wurin da ya ƙi lanƙwasa, a kankare cikinsa da wuƙa. Wurin da ya lanƙwasa fiye da sauran, ka yi masa alama, kada ka sake taɓa shi. A itace mai tudu da kwari ido yana ruɗin mutum. Ka sa babban yatsa a ciki, manuniya a baya, ka ja su tare da tsawon bakan. Yatsu za su gaya maka inda kauri ya yi yawa. Kankara kaɗan, ja sau 20, sake dubawa. Abin da wuƙa ta ɗebe ba ya komawa.

Bayan hannun sama da na ƙasa, wato ɓangarorin bakan biyu da mariƙi ya raba, sun daidaita, a goge ciki da samfefa, a shafe bakan duka da man kaɗe. Tsarkiya ta gargajiya da murɗaɗɗiyar fata ake yin ta, yanzu kuma wasu na amfani da zaren nailan. Kada ka taɓa ja ka saki babu kibiya, ƙarfin zai koma kan itacen ya fasa shi. Idan ka gama harbi, ka kwance tsarkiya, ka rataye bakan inda yara ba za su kai ba.

Aikin gida: ka samo ɗan guntun reshe, ka yaye ɓawonsa, ka bi jijiya guda da fensir. Ka auna tsawonsa da kaurinsa, ka rubuta a littafinka, ka zo wa malam da shi a zama na gaba.