Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran dirkokin barandar katako

A Kumasi damina biyu muke yi a shekara, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar a Satumba da Oktoba, don haka katakon da ke tsaye a bayan gida bai cika samun sararin bushewa ba. In barandar da kuke shan iska a kanta ta fara rawa, ko ta karkata gefe guda, kada ka tsaya kallon sama. Durƙusa ka duba gindin dirkokin. Ɗauki sukundireba ka caka daidai inda katako ya haɗu da ƙasa; in ta shige kamar a cikin dafaffen rogo, wannan dirka ta gama aiki, ko da samanta na ƙyalli da fenti.

Babban kuskure, wanda kusan kowa ke yi, shi ne binne gindin dirka. Wasu a ƙasa kai tsaye, wasu kuma su haƙa rami, su tsayar da katakon, su zuba masa kankare, suna ganin sun yi maganin abin har abada. Ai kwano suka gina masa. Katako na kumbura da damina, ya motse da hunturu, sai 'yar kafa ta buɗe tsakaninsa da simintin. Ruwa ya shiga, ba hanyar fita. Bakin da zarto ya yanka kuwa tsotsar ruwa yake kamar lagwani, ga gara na biyo danshi ta ƙarƙashi ba wanda ya gan ta. Gyaran shi ne a raba katako da ƙasa. A haƙa rami har a wuce baƙar ƙasar sama a tarar da mai tauri, a zuba kankare, awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a ɗaga shi ya ɗara ƙasa da kamar inci 6, a ɗan zubo da samansa don ruwa ya gangare. Tun yana ɗanye a dasa takalmin ƙarfe, irin wanda mai walda zai haɗa maka, wanda zai riƙe dirkar ta tashi daga simintin da inci 1. A ba shi mako guda ana yayyafa ruwa kafin a ɗora masa nauyi. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Na san mai gida da biki a gabansa ba ya son jin wannan.

Sai masu manna sabon katako a jikin ruɓaɓɓe su buga ƙusa. Ƙusar me za ta kama? A cire dirkar kawai.

Wurin cirewar ma akwai ganganci. Na ga kafinta ya kwankwatse dirka biyu a lokaci guda, ya bar yaronsa ya tallafe da kafaɗa. Ɗaya-ɗaya ake yi: a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙasa, a ɗora jak, a kafa tokara mai kauri, a ɗaga kaɗan-kaɗan har nauyi ya bar tsohuwar. Ɗagawa ba ta wuce kaurin ɗan yatsa, in ba haka ba sai ka ɓamɓare barandar daga jikin bango.

In ka je kasuwar katako ta Sokoban sayen katako, kada arha ta ja ka zuwa icen da ake kira wawa. Wawa na da amfaninsa, da shi ake akwatin zuba kankare da silin, amma a waje abincin gara ne. Icen odum, ko dahoma, ko kusiya, ko tik, su ne na wannan aiki, kuma ka duba a ba ka zuciyar icen, don farin gefen nan na kusa da ɓawo ko a odum ba ya jimrewa. In baranda ta yi tsawon mutum daga ƙasa, ni dai ba na yarda da dirka mai kaurin inci 4 da 4, sai 6 da 6. Baƙin man mota da ake shafawa kuwa a fatar katakon yake tsayawa, ya ɓata ƙasa da tufafin yara. Gara a sayi maganin katako irin su Solignum, a tsoma bakin da aka yanka a ciki ya kwana.

Akwai abin da kakanninmu suka riga mu sani: dirkar rumfa da gwafa ake saro ta, don icen kwance ya zauna a cikinta. Yanzu sai ka ga an jingina katakon da ke ɗauke da daɓen baranda a gefen dirka, an buga masa ƙusa huɗu, nauyin mutum goma na rataye a kansu. A yanka wa dirkar kafaɗa, katakon ya hau ya zauna, sannan a huda a zura ƙarfe mai noti na rabin inci guda biyu. 'Yan uwanmu na Akara, musamman na kusa da teku, su nemi ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa, domin iskar gishiri ba ta raga wa baƙin ƙarfe.

In an gama duk wannan baranda na lilo in an taka, tokarar gicciye ce babu. Gajeren katako daga jikin dirka zuwa na kwance, a karkace, ta kowace kusurwa, shi ke kashe lilon. Kuma kafin uwargida ta ce a ɗora tankin ruwa a wurin, a tuna lita 1,000 tan guda ce cur. Tanki a yi masa nasa gindin daban.