Yadda Ake Zaɓen Lasifikar Gida Mai Tsada Wadda Kunne Ba Zai Gaji Da Ita Ba

Lasifikar da ta fi burge mutum a shago ba lalle ba ne ita ce za ta zauna masa da daɗi bayan shekara goma. Mai ƙarar kauri da kaifin sauti takan ja hankali a minti biyar na farko, amma idan aka zauna da ita awa biyu a falo sai kunne ya fara gundura. Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, ka tafi da sautin da ka sani sarai, kamar karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba ji ko kiɗan kalangu da kukuma, ka nemi a rage murya, ka saurara tsawon lokaci. Idan muryar mutum ta fito kamar yana zaune gabanka, ba ta hanci ba, to ka samu abin da ake nema.

Daga nan sai ka duba lambobi biyu a bayan akwatin. Ta farko ita ce om, wato ma'aunin yadda lasifika ke tauye wutar da ke shigarta, galibi 4 ko 6 ko 8, kuma dole amfilifayarka, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, ta iya ɗaukar ta. Ta biyu ita ce desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti: lasifika mai 87 tana buƙatar ninkin wutar da mai 90 ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. Lasifikar Klipschorn, wadda kamfanin Klipsch na Amurka ke ƙerawa tun 1946, ta haura 100, shi ya sa ƙaramar amfilifaya ke wadatar da ita. Mutane da yawa ba su san cewa amfilifaya mara ƙarfi, idan aka ƙure ta, ita ce ta fi saurin ƙona ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ba.

Ɗaki ma yana da nasa hakkin, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara. Yawancin falukanmu a Katsina tayil ne a ƙasa, siminti a bango, sai sauti ya riƙa amsa-kuwwa. Ka shimfiɗa kafet mai kauri, ka rataya labule, ka janye lasifikokin daga bango kamar rabin mita, sannan tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujerarka, ƙaramin bakin kuma ya kasance saitin kunnenka.

Sauran aikin kulawa ne. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, don haka ka rufe su da ƙyalle idan ba a amfani da su, kada kuma ka goge bakin da tsumma mai jiƙa. Zafin watan Afrilu, da yakan wuce digiri 40, yana saurin ruɓar da soson da ke zagaye da babban bakin da ke fitar da sauti mai kauri. Na roba ya fi jure yanayinmu, kuma ko soson ya lalace ana iya sauya shi ba tare da an jefar da lasifikar ba. Ka haɗa amfilifaya da sitabilaiza, ka kashe ta kafin a koma janareta. Idan kuwa daga Amurka aka kawo maka amfilifayar, ka tabbata ba ta wuta 120 ba ce, domin tamu 230 ce.