Yadda ake auna girgizar jan ƙaton tauraro da bayanan Kepler

Iskar gas mai tafasa a saman jan ƙaton tauraro, wato tsohon tauraro da ya kumbura ya yi ja, tana sa shi kumbura yana sacewa, haskensa kuma na ƙaruwa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Kamar yadda babbar ganga ke fitar da amo mai kauri, haka tauraro mafi girma ke bugawa a hankali. Rana na bugu duk bayan minti biyar, jan ƙato kuwa sai ya yi sa'o'i ko kwanaki. Don ka gano faɗi da nauyin tauraron, lambobi biyu kake nema: νmax, wato saurin bugu inda bugun ya fi ƙarfi, da Δν, tazarar da ke tsakanin bugu masu siffa ɗaya. Na ɗauka ka iya Python.

Fara da bayanan Kepler, na'urar hangen taurari da NASA ta harba a 2009. Kada ka fara da TESS, na'urar NASA da ta biyo bayanta. Kepler ta zuba wa yanki ɗaya na sama ido shekara huɗu, TESS kuwa kusan kwana 27 take yi a kowane sashe, kuma bayanan kwana 27 ba sa bambance bugu biyu da tazararsu ta gaza kusan maikirohaz 0.4 (maikirohaz ɗaya bugu ɗaya ne cikin daƙiƙa miliyan). Ɗauko ma'aunin hasken da Kepler ta yi duk minti 29.4 daga MAST, rumbun bayanan na'urorin hangen taurari, ta hanyar Lightkurve, manhajar Python. Kyauta ne, fayilolin kuma ƙanana ne, ba za su cinye maka data ba. Iyakar saurin bugun da wannan ma'auni ke iya kamawa maikirohaz 283 ce, ta wadatar ga yawancin jajayen ƙattai.

A wurin tsabtace bayanai ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa. Lokacin da take aiki, Kepler tana juyawa duk bayan kusan wata uku, sai tauraron ya sauka a wani ɓangare na kyamara, matakin haskensa ya canza. Dole ka raba kowane zango da matsakaicin haskensa kafin ka haɗa su. Idan ka bar tsallen da ke tsakani, zai zuba hayaniya daidai inda kake neman bugu.

Sai kuma flatten, umarnin Lightkurve mai goge sauye-sauyen haske masu tafiya a hankali. Na sha ganin ɗalibi ya kira shi yadda yake, ya ga layi ya miƙe sumul, ya yi murna. Tagar da flatten yake zuwa da ita, tsawon bayanan da yake dubawa a lokaci ɗaya, ma'auni 101 ce, wato kusan kwana biyu. Duk wani sauyi mai tsawon kwana biyu ko fiye zai goge shi, har ya taɓa waɗanda ba su kai haka ba. To tauraron da νmax ɗinsa maikirohaz 5 ne, bugunsa ɗaya ya fi kwana biyu. Ka share abin da ka zo aunawa da hannunka ke nan, kuma kwamfuta ba za ta gargaɗe ka ba. Abin da ya fi muni, inda tacewar ta yanke yakan bar wani tudu na ƙarya, mai koyo ya rubuta shi a matsayin νmax. Ka faɗaɗa tagar zuwa kwana goma ko fiye, sannan ka ninka ta ka sake gwadawa. Tudun da ya matsa da ka canza taga ba na tauraro ba ne.

Yanzu ka fitar da zanen ƙarfin bugu, gefe biyu duka a ma'aunin logarizim. Za ka ga gangara daga hagu, ita ce hayaniyar tafasar saman tauraron, da tudu a kanta. Cire gangarar tukuna, in ba haka ba, za ta ja νmax ƙasa. Tsakiyar tudun ita ce νmax.

Kafin ka yarda da Δν da manhaja ta ba ka, gwada shi da ƙiyasin 0.263 sau νmax mai ƙarfin 0.772 (wato νmax**0.772 a Python). Sau da yawa manhaja kan kama rabinsa. Daga nan ka yanyanka zanen gida-gida da tsawon Δν, ka jera su a kan juna. Idan lambar daidai ce, layukan l=0 da l=2 (l lamba ce mai nuna siffar bugu) za su tsaya a miƙe kusa da juna. Na l=1 za su warwatse, kada hakan ya dame ka, sun cuɗanya ne da bugun cikin cibiyar tauraron.

Saura lissafi. Ɗauko zafin saman tauraron daga APOKASC, kundin bayanan taurarin da Kepler ta duba. Na Rana: νmax 3090, Δν 135.1, zafi Kelbin 5777. Raba kowace lamba da ta Rana. Faɗi shi ne νmax sau tushen zafi (wato zafi**0.5), a raba da Δν². Nauyi shi ne νmax³ sau zafi mai ƙarfin 1.5, a raba da Δν⁴. Tauraro mai νmax 30, Δν 4 da zafi 4800 zai ba ka faɗin Rana sau 10 da nauyi 0.9. Sa 3.8 maimakon 4, nauyin ya koma 1.1, don haka kada ka rubuta nauyi ba tare da iyakar kuskuren Δν a gefensa ba.