Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Ƙaramar Sakandare Bincike da Zare da Noti

Ɗalibin ƙaramar sakandare zai iya haddace matakan binciken kimiyya tsaf, ya zayyano su ba gargada, amma in aka miƙa masa zare da agogo aka ce ya gano wani abu da kansa, sai ya zuba wa malami ido. Abin da ke gyara wannan shi ne gwaji mai sauƙin kaya wanda sakamakonsa ke saɓa wa zaton yara. A irin waɗannan gwaje-gwaje da wuya a samu kamar pendulom, wato nauyin da aka rataye a zare yana lilo. Masanin kimiyya Galileo ya yi nazarinsa tun wajajen 1602, wani masanin, Christiaan Huygens, kuma ya ƙirƙiro agogo da shi a 1656, ga shi pendulom ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

A raba aji rukuni-rukuni, mutum huɗu-huɗu: mai saki, mai ƙirga, mai riƙe agogo, mai rubutawa. Kowane rukuni a ba shi zare mita ɗaya da rabi wanda ba ya miƙewa in an ja shi, noti uku na ƙarfe masu girma ɗaya, rula, fensir, salatif, da agogon da ke nuna daƙiƙa (na waya ma ya wadatar). A manne fensirin a bakin tebur, kansa ya ɗan leƙo waje, a ɗaura zaren a jikinsa. Kada a yarda yaro ya riƙe zaren da hannu, domin hannu na motsi ko mai shi bai sani ba. Yawancin teburan aji ba su kai mita ɗaya ba, don haka awon santimita 100 sai an nemi wuri mai tsayi, kamar saman ƙofa.

Kafin kowa ya taɓa kaya, malami ya rubuta tambaya ɗaya a allo: me ke sa lilon ya yi sauri ko ya yi jinkiri? Amsa uku za su fito: nauyin noti, tsawon zare, da nisan da aka ja shi gefe. Kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa da dalilinsa a littafi. Galibinsu nauyi za su zaɓa. Malami ya danne zuciyarsa, kada ya gyara musu, don da zarar ya faɗi amsa, abin da ya rage ba bincike ba ne, cika umarni ne.

Ƙa'idar da ake son ta zauna musu a kai ita ce: a sauya abu ɗaya, a auna abu ɗaya, sauran duk a bar su yadda suke. In tsawo ake gwadawa, noti ɗaya za a yi amfani da shi har a gama, kuma nisan ja ba zai sauya ba. A riƙa jan notin kaɗan, kada kusurwar ta wuce digiri 15, a sake shi ba tare da turawa ba.

Zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya. Lilo goma ake aunawa, sannan a raba da goma. Yana da kyau a bar su su fara auna ɗaya tak, su ga yadda lambobi ke tsalle-tsalle. Dalili kuwa, yatsan mutum kan makara da kusan daƙiƙa 0.2 wajen danna agogo. A lilon da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, wannan kashi ɗaya ne cikin biyar; in an baza shi a kan lilo goma, ya koma ɗaya cikin hamsin. Kowane awo a maimaita shi sau uku, a fitar da matsakaici.

Ga abin da malami zai sa ran gani a lilo goma: santimita 25 kusan daƙiƙa 10, santimita 50 kusan 14, santimita 100 kusan 20. Ƙara noti ba zai sauya komai ba, haka ma ɗan bambancin nisan ja.

Sai dai ba kullum lambobin ke fitowa haka ba, kuma nan ne darasin ya fi armashi. A ce wani rukuni ya samu 14.1, 14.3 da 12.8 a santimita 50. Kusan tabbas mai ƙirga ya ce "ɗaya" a daidai lokacin da aka saki notin, ya ƙare da lilo tara. A koya musu farawa da "sifiri". Kada su goge 12.8 ɗin, su zagaye shi, su rubuta abin da suke zargi, su sake awo. Wani rukunin kuma zai rantse cewa nauyi ya rage saurin lilo. A je a duba: za a tarar sun jera notin uku, wani ƙarƙashin wani, tsawon ya ƙaru ba su ankara ba. Tsawon pendulom daga inda aka ɗaura zare ne zuwa tsakiyar nauyin, saboda haka a haɗa notin gefe da gefe a ƙulli ɗaya. In zaren na gugar tebur, ko notin na zagaye maimakon tafiya a miƙe, a tsayar a sake. Dunƙulen takarda kuwa ba ya maye gurbin noti, iska ce za ta kashe lilon kafin a kai goma.

A darasi na biyu su zuba sakamako a jadawali, kowane sashe da ma'auninsa, santimita ko daƙiƙa, sannan su zana giraf: tsawo a kwance, lokaci a tsaye. A ƙara awon santimita 75 don ɗigon su isa. Layin zai fito a lanƙwashe. A tambaye su: sau nawa aka ninka tsawo kafin lokaci ya ninka biyu? Daga 25 zuwa 100, sau huɗu ke nan. Lissafin da ke bayan wannan na manyan azuzuwa ne, ba sai an taɓo shi ba.

Don a san ko ƙa'idar ta zauna, a kai ta wani fanni, kamar tsirowar iri. Kwalba huɗu, ƙwayar iri goma a kowace, tunda ɗaya tilo na iya zama matacciya. Ta farko a kan busasshiyar auduga, ta biyu a kan jiƙaƙƙiya, ta uku jiƙaƙƙiya amma cikin firji, ta huɗu a nutse cikin ruwan da malami da kansa ya tafasa ya huce, aka zuba mai a samansa don hana iska shiga. Cikin 'yan kwanaki ta biyu ce za ta tsiro. Akwai tarko a nan: cikin firji da sanyi, kuma da duhu, abu biyu ke nan suka sauya. A jira a ga ko wani ɗalibi zai hango. Gyaran shi ne a ajiye sauran kwalaben uku a cikin kabad mai duhu.

Wajen ba da maki, kada a tsaya kan wanda lambarsa ta fi kusa da ta littafi, don hakan ke koya wa yara ƙirƙirar sakamako. A duba ko ya faɗi abin da ya sauya da abin da ya bari, ko ya maimaita awo, ko hukuncin da ya yanke ya fito daga jadawalinsa. A jarrabawa kuma a ba su labarin wani da ya sauya tsawo da nauyi a lokaci guda, a ce su nuna inda ya kauce, su tsara gwajin yadda ya kamata.