Kurakuran da masu tafkin kifi suka fi yi, da yadda za a gyara su

Mutum ya wayi gari ya tarar da kifinsa sun taso sama suna buɗe baki, sai ransa ya ba shi cuta ce, ko wani ne ya zuba masa guba. Nan take ya garzaya ya sayo magani ya antaya a ruwa. Sau da yawa kuwa ba cuta ba ce. Iska ce ta ƙare a ruwan.

Gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore tsiro ce. Da rana tana fitar da iskar oksijin saboda hasken rana, da dare kuma ta koma shaƙarta, ita da kifin da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da dattin da ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa iskar take kaiwa ƙarshen ƙarancinta da asuba. Wanda ke leƙa tafkinsa da azahar kawai, lokacin da komai ke lafiya yake zuwa. Ka je bayan sallar asuba. In ka ga kifi na haki, kada ka ba su abinci ranar, ka rage tsohon ruwa, ka sako sabo yana fantsama daga sama don ya kwashi iska. Wannan ya fi muhimmanci in ruwan rijiyar burtsatse ne, domin da ƙarancin iska yake fitowa daga ƙasa. A bazara abin ya fi tsanani: lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, amma a digiri 30 sai ya sauko wajen 7.5, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta.

Sai yawan abinci, wanda a ganina ya fi kowane kuskure cin dukiyar mutane. Abin da kifi bai ci ba yana nutsewa ya ruɓe, ya cinye iskar, ya ƙara sinadarin amoniya mai ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Ka sayi abinci da tsada, ka kuma lalata ruwanka da shi. Ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan, da ka ga sun rage wawa ka dakata.

Wasu kuma gani suke ruwa garau shi ne mai lafiya. A tafkin ƙasa, musamman na karfasa, koren nan abinci ne. Ka tsoma hannu: in tafin ya ɓace maka a daidai gwiwar hannu, ruwan ya yi. In tun a wuyan hannu ya ɓace, ya yi kauri, ka daina zuba takin da ke sa ruwan ya yi kore, ka ƙara ruwa.

Tarwada ma tana yaudarar mai ita. Tana da gaɓar da take shaƙar iska daga sama, don haka tana jure ruwan da zai kashe karfasa a dare ɗaya. Kada ka cusa karfasa yadda ka saba cusa tarwada.

Kainuwa dai dashen Allah ce, amma in ta rufe fuskar ruwa ta tare haske, gansakuka ta mutu, iska ta tafi. A riƙa kwashe ta. Kacalla kuwa, a tambayi masunta da manoman fadamar Haɗejia da Nguru: bayan madatsar Tiga ta 1974 ta sauya yadda ruwa ke cika yana janyewa, ciyawar ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ciyayin gefen ruwa maɓoyar katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, saboda haka a hana yara wanka a wurin.

Kafin ruwan farko ya sauka, ka ɗaga gaɓar tafkin da ƙasa, kada kwararar gona ta shigo maka da takin zamani da maganin feshi.